Wurin wasan da ba a bar kowa yana gadin jaka ba

Duk wanda ya taɓa kai iyali manyan wuraren wasa ya san yadda ake ƙarewa. A bakin ƙofa kuna tare, kafin azahar an rabu gida uku. Manyan yara sun bi layin jirgin nan mai hawa da gangara da ke kifa mutum kai ƙasa. Autan an gwada tsayinsa da sanda an ce bai kai ba, yana ta rusa kuka. Ita kuwa Hajiya an ajiye ta a benci da jakunkuna da gorunan ruwa. An biya mata kuɗin shiga cif, amma ƙeyar mutane kawai ta gani.

Shi ya sa tun da muka dawo daga Puy du Fou nake damun mutane da labarinsa. Yana ƙauyen Les Epesses a yankin Vendée, yammacin Faransa, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Nantes. Babu majaujawa, babu abin da zai wurga ka sama hanjinka ya kaɗa. Kuma duk da haka mutum fiye da miliyan 2 ke zuwa a shekara. Abin da ake sayarwa wasannin kwaikwayo ne na tarihi, wasu a fili wasu a cikin gini, da dawakai na gaske da wuta ta gaske. Ku duba jadawali, ku zaɓi wasa, ku zauna a jere, a gama, ku taka cikin itatuwa zuwa na gaba.

Akwai filin Romawa inda ake tseren karusai, akwai na Viking, mayaƙan ruwa na arewacin Turai a zamanin da, inda jirgin ruwa ke ɓullowa daga ƙarƙashin tafki. Duk sun yi. Amma ni wasan tsuntsaye ne ya tsaya min a rai. Masu kiwonsu na tsaye a tsakanin 'yan kallo, hannu cikin safar fata, da ɗan yankin nama. Sai a saki shaho daga can gefe, ya taho ƙasa-ƙasa, ya shafi kawunan mutane har ka ji iskar fiffikensa a fuska. Wata ungulu ta wuce ta saman kan Hajiya, ta dafe mayafi tana salati, autan kuma ya ƙanƙame hannunta yana ƙyaƙyata dariya. A ƙarshe aka sako su gaba ɗaya, shaho da mujiya da shirwa da shamuwa, sama ta cika. Na waiwaya, mu shida, daga mai shekara huɗu zuwa mai saba'in, duk bakinmu a buɗe kan abu guda. Rabon da in ga haka na manta.

Wani zai ce ai zaman kallo ne kawai, yara na son guje-guje. Gaskiya ne, babban ɗana ya yi ta cika yana batsewa da safe. Bayan tseren karusai bai sake tada zancen ba. Illar da na gani ta zahiri ita ce tafiya: wurin da faɗi, kuma in ba ka isa da wuri ba, sai a rufe ƙofa ka jira zagaye na gaba.

To amma fa kada a ɗauka tallar kamfani nake yi. Akwai abin da ke ƙasa. Wanda ya kafa wurin, Philippe de Villiers, ɗan siyasa ne mai ra'ayin riƙau, ya yi takarar shugabancin Faransa a 1995 da 2007. A 1978 ya fara da wasan dare a gaban kangon wata tsohuwar fada, da 'yan sa-kai na ƙauyukan kewaye, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke yin wannan wasan, mutum dubbai. Babban wurin sai a 1989 aka buɗe, daga baya suka yi reshe a Toledo ta Sifen. Zuciyar labarin nasu ita ce yaƙin Vendée na 1793, lokacin da manoman yankin suka tayar wa gwamnatin juyin juya hali, aka kuma yi musu kisan gilla. Kisan ya faru, ba mai musu. Sai dai masana tarihi da dama a Faransa na ƙorafin cewa an karkata labarin gefe guda: masu sarauta da coci kullum su ne na kirki, 'yan jamhuriya kuma, wato sojojin gwamnati masu shuɗin kaya, ba su da fuska sai ta mugunta.

Kuma nan ne na ga wurin ya fi lilo ƙarfi. Lilo ya juya ka minti biyu ka sauka, jiri ya sake ka, shi ke nan. Labari kuwa da kiɗa da wuta yana bin yaro har gida. Akwai wasa guda sukutum a kan Charette, ɗaya daga cikin jagororin 'yan tawayen, wanda aka harbe a Nantes a 1796, an shirya shi yadda sai ka ji ƙwalla ta taru maka.

A mota muna komawa 'yata ta tambaye ni, "Baba, su masu shuɗin kayan duk mugaye ne?" Na ce mata a'a, su ma suna da nasu labarin, ba a nan ake ba da shi ba ne. Ta ce to a ina? Hajiya daga baya ta ce a ƙyale ta da tarihin Turawa, ita dai in za a sake zuwa a sama mata kujera nesa da ungulu.