Yadda Aka Binne Ni Da Raina A Ibusuki

Tunda abokin tafiyata Injiniya ya riga ya yaɗa hoton nan da ya ɗauke ni a wurin wankan rairayi a Japan, har maman su Abba ta gani ta kira ni tana salati, gara ku ji labarin daga bakin mai shi.

Wani kwas ne ya kai mu Kagoshima, a kudancin Japan. Asabar ɗin ƙarshe Injiniya ya ce ba ma komawa gida sai mun kwana a masaukin gargajiyar Japanawa, wanda suke kira riyokan. Muka hau wani jirgin ƙasa rabinsa fari rabinsa baƙi, ba mu cika awa guda ba sai ga mu a Ibusuki, can ƙuryar kudu a bakin teku. Ɗaki ba gado, tabarma ce malala, sai ɗan tebur da matasan zama. Na ce a raina, ashe tabarmar da na baro kyauta a zauren kakana ita na zo na biya wa kuɗi a Japan.

Aka ba mu wata riga mai buɗaɗɗen gaba kamar alkyabba, da ɗamararta, wai ita yukata. Na zura, na naɗe, na ɗaure, har ina juyi a gaban madubi. Dattijuwar da ke kula da ɗakinmu ta shigo da shayi, tana ganina ta ajiye faranti ta rufe baki. Tana ta sunkuyawa tana nuna ƙirjina, ni kuma ina ta cewa arigato, wato na gode, na ɗauka yabo ne. Sai da Injiniya ya gama dariyarsa ya share hawaye, sannan ya ce ai hagu ake ɗorawa a kan dama. Dama a kan hagu, gawa ake yi wa. Minti 15 mutumin nan yana kallona cikin likkafani yana kurɓar shayi. Shekara 3 fa ya yi karatu a ƙasar. Amma me zan ce, shi ne dai wanda ya bar ni na karɓi auren ƙanensa da takardar farashi tana reto a hulata, kun tuna. Har yau cewa yake bai gani ba. A kusa da ni yake zaune, ta ɓangaren takardar.

Abin da ke kawo mutane garin shi ne ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Wankan kuwa na tarayya ne, maza daban mata daban, amma kowa zigidir. Na ce ni da gemuna? Allah Ya sawwaƙe. Injiniya ya ce to akwai wanda ake yi da riga, wankan rairayi. Ruwan zafin nan yana bi ta ƙarƙashin yashin bakin teku yana gasa shi, har ya kai digiri 50 zuwa 55, mutanen garin kuma sun fi shekara 300 suna binne kansu a ciki don maganin ciwon jiki. Minti 10 ake yi, ya ce, in zan iya.

In zan iya! Na ce, "Injiniya, ni fa ɗan Sakkwato ne. Mu da muka taka rairayin watan Afrilu ba takalmi muna zuwa makarantar allo? Ka ce su ba ni minti 20." Baki dai shi ke yanka wuya.

Dokar wurin, rigar kaɗai ake sawa, ba komai a ciki. Ni dai na bar gajeren wandona, wancan tsohon da robarsa ta saki, wanda maman su Abba ta daɗe tana cewa in yar. Ku riƙe wannan.

Aka nuna mini wani ɗan rami daidai tsawona, na kwanta, aka naɗe mini kai da tawul. Mata biyu suka zo da shebur suka fara zuba mini baƙin yashi tun daga ƙafa. Mutumin da aka yi wa shigar gawa da rana, ga shi da yamma ana tura masa ƙasa. Na dai yi kalmar shahada a hankali, don ba a sani ba. Suka rufe ni har wuya, suka kafa mini 'yar lema a saitin fuska, suka nuna mini agogo a jikin ginshiƙi, suka wuce.

Minti biyun farko wallahi da daɗi. Teku na kaɗawa, iska na shafa fuska, yashin ya danne ni da nauyi har ina jin bugun zuciyata a yatsun ƙafa. A minti na 3 duddugena ya fara magana. A minti na 4 mazaunaina suka amsa. Wannan ba zafin Sakkwato ba ne, jama'a. Namu daga sama yake zuwa, kana iya gudu inuwa. Wannan daga ƙasa yake tasowa, kamar an ɗora ka a madambaci an rufe. Na waiga dama, sai ga wani tsoho da zai yi shekara 80, an binne shi tun kafin in zo, yana barci har da munshari. Ta yaya ɗan Sakkwato zai riga wannan tashi?

Sai na yi dabara. Na lallaɓa na turo babban yatsan ƙafata waje ya sha iska. Bai isa ba. Kalmomi uku na sani a yaren, na ɗauko ɗaya na ce, "Sumimasen!" wato gafara dai. Mai shebur ta zo da sauri ta sunkuyo tana jira. To me zan ɗora a kai? Babu. Sai na ji bakina ya ce, "Arigato." Baiwar Allah ta duba, ta hango yatsa a waje, ta ce a ranta ashe abin da ke damun baƙo ke nan. Ta ciko shebur da sabon yashi mai tururi ta rufe shi, har da daddaɓawa. Na sake turo na hagu. Na sake kira. Ta sake rufewa, wannan karon shebur biyu, don kada baƙo ya koma ƙasarsu ya ce an yi masa rowa. Karo na uku ta tambaya, "Daijobu?" wato lafiya dai? Kalmata ta uku ke nan, ita kaɗai ta rage. Na ce daijobu, gumi na shiga mini ido.

Ni duk zatona sai an zo an tone mutum. Ashe motsa hannu kawai za ka yi ka tashi abinka duk sanda ka ga dama. Injiniya ya sani. Shi tun a minti na 5 ya sulale daga layin bayana ya je ya ɗauko waya.

A minti na 7 na ce a kai kasuwa. Na yunƙura da ƙarfin tsiya na miƙe tsaye, yashi na zuba. Gajeren wandon nan ya sha gumi, ya cika fal da jiƙaƙƙen yashi kamar buhun siminti. Na ji yana tafiya. A hankali fa, ba sauri, kamar yana sallama da ni. Ya wuce gwiwa. Tim, ya sauka a idon sawu. Rigar dai ta rufa mini asiri, na damƙe gabanta da hannu biyu, amma wandon ga shi nan a fili, ruwan toka, da facin da na yi masa da baƙin zare. A gabana kuwa kawunan mutane ne jere a kan yashi kamar kankana a gona, ba wanda ke da halin juya baya ko da yana so. Da a gida ne, da an yi shewa an tafa, an wuce wurin. Mutanen nan ko tari babu. Sai ƙarar teku. Mai shebur ta sunkuya mini, ni ma na sunkuya mata, ban san dalili ba. In na duƙa in ja wandon riga ta buɗe, in na saki riga an shiga uku. Haka na ja ƙafa taku-taku zuwa wurin wanka kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. Nan ne hoton.

Tsohon nan ya buɗe ido ɗaya, ya ce wata magana gajera, ya mayar ya rufe. Injiniya ya ji, amma ya rantse ba zai fassara ba. Wannan ya fi wandon ci mini rai. Da daddare na sake ganinsa a wurin cin abinci, fes da shi, ya ɗaga mini ɗan kofinsa daga nesa. Ban san ko gaisuwa ce ko ta'aziyya ba. Wataƙila ma kullum yake zuwa, wataƙila fatar bayansa ta daɗe da mutuwa, wa ya sani. Mun riga mun gaya musu ban da alade, don yankin ya yi suna da shi, ban da giya, sai suka jero mana wasu 'yan mitsi-mitsin kifi masu ƙyalli, ɗanyu, an tsara su kamar fure. Na zaro yajina na ci shinkafa a kishingiɗe, don zama bai yiwu ba.

Wandon yana nan. An wanke shi sau biyu, har yanzu yashi na fita daga aljihun. Injiniya kuma kuɗin jirgin dawowa da na biya masa, shiru.