Malami, ka fara gwada jininka a Maradi kafin ka biya dillalin biza

Malamin da ya samu gurbin koyarwa a wata ƙasa, ko Faransanci zai koyar, ko lissafi, ko Alƙur'ani, hankalinsa kan tafi ne ga fasfo da biza da kuɗin jirgi. Binciken lafiya shi ake bari sai ƙarshe, alhali shi kaɗai ya isa ya rusa tafiyar. Wani sai ya sayar da babur ko fili, ya biya dillali, ya ajiye aikinsa, sannan a ɗebi jininsa a ce masa bai cancanta ba. Wannan tsarin a juye yake. Gwaji ya kamata ya zama abu na farko da za a kashe wa kuɗi, kuma a nan gida.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, irin su Saudiyya da Ƙatar da Kuwait da Daular Larabawa, suna cikin waɗanda suka fi tsananta wannan bincike. Abin da aka saba dubawa shi ne ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, da hoton ƙirji saboda tarin fuka, sai awon fitsari da sukari da hawan jini. Ba kowane asibiti ake karɓar takardarsa ba, don haka a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da kansa wane asibiti ya amince da shi, kada a tsaya ga maganar dillali. Bayan an sauka kuma ana sake gwaji kafin a ba da takardar zama, wadda a Saudiyya ake kira iƙama. Wanda ya sayi sakamakon bogi a gida, can za a gano shi, ya dawo da bashi a wuya. Takardun suna da wa'adi: ta ƙasar Sin, alal misali, wata 6 take aiki. Katin rigakafin shawara kuwa sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, amma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har iyakar rayuwa.

Ciwon hanta nau'in B shi ya fi ba ni tsoro a kan malamanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, kusan miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. Galibin masu shi a yankinmu tun a haihuwa ko a ƙuruciya suka kamu, kuma mutum kan yi shekaru garau ba tare da ko alama ba. Gwajin da ake kira HBsAg na ɗan ɗigon jini ne, ba ya cin lokaci. In ya nuna babu, a fara rigakafi nan take: allura uku, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. In ya nuna akwai, an tsira da kuɗin tafiya, an kuma san abin da za a kai wa likita tun hantar ba ta lalace ba. Babu sauyar itace ko jiƙon da zai goge shi daga jini kafin ranar gwaji, ko wa ya rantse maka.

Tarin fuka kuwa, ko an warke bayan maganin wata 6, yakan bar tabo a huhu, hoton ƙirji kuma ba ya ɓoye tabo. Wanda ya taɓa yin jinyar ya nemi takardar kammala magani daga cibiyar da ta kula da shi, ya yi sabon awon majina. Ya kuma tambaya tun da wuri, domin wasu ƙasashen ko tsohon tabo ba sa yafe wa sabon ma'aikaci.

Sai batun gwajin ƙwaya, inda mu a Maradi muke da matsala ta musamman. Je ka kowace tasha, za ka ga mai tallan magani da farantinsa, katin ƙwayoyi ja da kore a jere, rana na dukansu. A ciki akwai tramol mai miligram 200 ko 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Malamin da ya kwana yana gyaran takardun jarrabawa, bayansa na ciwo, ya miƙa hannu ya ce a ba shi na gajiya, bai ɗauki kansa ɗan ƙwaya ba. Na'urar gwaji ba ta san niyya ba. Haka ruwan maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da shi a 2018. Tramol da kodin sukan yi kwana biyu zuwa huɗu a fitsari, diazefam, maganin sa barci da kwantar da hankali, ya kai kwana 10 ko fiye, tabar wiwi a jikin mai sha kullum ta kai wata guda. In gashi aka yanka, ana iya ganin abin da aka sha cikin kwana 90. A Daular Larabawa shiga da tramol ko kodin ba tare da takardar likita ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Dabarun da ake raɗawa a majalisa ba sa aiki. Kofin fitsarin yana da ɗan layi a jikinsa mai auna zafi, ana karanta shi cikin minti huɗu, kuma dole ya nuna tsakanin digiri 32 da 38. Fitsarin aro ya huce kafin nan. Wanda ya ɗirki ruwa don ya wanke jiki, awon zai nuna fitsarin ya tsinke, a sa shi ya sake, an kuma riga an sa masa ido.

Amma mai gaskiya ma yana iya faɗawa. Gwajin farko na gaggawa yakan yi kuskure: rifamfisin na tarin fuka da ofloksasin mai kashe ƙwayoyin cuta suna iya fitowa kamar dangin kodin, wasu magungunan mura kamar amfetamin, efabirenz na ƙanjamau kamar wiwi. Saboda haka kafin a ba da fitsari a rubuta duk maganin da aka sha cikin wata guda, a riƙe takardar likita da kwalin maganin. In sakamako ya fito ba daidai ba, a nemi gwaji na biyu na tabbatarwa a babban ɗakin bincike kafin a sa hannu a kowace takarda.

Shin duk wannan binciken adalci ne? Rabinsa. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, aji kuma ɗaki ne cike da yara, ba ni da ja a kan hoton ƙirji. Gwajin ƙwaya ma na yarda da shi, in har ana yi wa ɗan ƙasa yadda ake yi wa baƙo. Amma ƙanjamau da ciwon hanta B ba a ɗaukarsu ta alli ko musafaha ko numfashi. Hana mai su koyarwa tsangwama ce kawai. Koriya ta Kudu ta wajabta wa baƙin malaman harshe gwajin ƙanjamau da ƙwaya a 2007. Wata malama 'yar New Zealand ta ƙi, ta rasa aikinta, ta kai ƙara, a 2015 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ba ta gaskiya. A 2017 Koriya ta soke gwajin ƙanjamau, ta bar na ƙwaya. Amurka da Sin sun janye haramcin shiga ga masu ƙanjamau tun 2010. Ƙasashen Gulf ba su bi sahu ba, malami kuma da dokar da ke ƙasa zai yi aiki.

Abin da ke hannunmu shi ne shiri. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƙungiyoyin malamai za su iya haɗa kai da asibitocin garin nan, a tanadi gwajin share fage ga masu niyyar fita, aƙalla wata shida kafin tafiya don rigakafin hanta ya kammala. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: sakamakon ya tsaya tsakanin malami da likitansa. Dillali ko shugaban makaranta ba su da hurumin ganin fiye da kalmar "ya cancanta" ko "bai cancanta ba", domin a gari irin namu labarin jinin mutum yakan riga shi isa unguwa.