PlayStation ko Xbox? Fara tambayar ko kayan naka ne bayan ka biya

Daga Ringim zuwa Gumel har Maigatari, da wuya ka samu gari mai ɗan kauri da babu gidan gem a cikinsa. Shago guda ne ko rumfar kwano, benci biyu, talabijin uku a jere, janareta na kuka a baya, yaran da ba su da kuɗin buga wasa sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna ba masu bugawa shawarar da ba a tambaye su ba. In aka cire musun Madrid da Barcelona, babu wanda ya fi ɗaukar zafi a wurin kamar na PlayStation da Xbox. Ni kuwa a ganina wannan musu ne da muka aro daga mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, kuma garin yin sa muka bar tambayar da ta shafi aljihunmu.

Samarin sun haddace lambobi daga bidiyon da suke gani a waya. Wani zai ce maka Xbox Series X ta fi ƙarfin zana hoto, tana da terafulof 12 (ma'aunin ƙarfin lissafin na'ura ke nan), PlayStation 5, wato PS5, kuwa 10 da 'yan kai. Abokinsa ya ce ai ma'ajiyar PS5 ta fi saurin loda wasa. Duk gaskiya suka faɗa. Abin da ba sa faɗa shi ne na'urorin biyu sun fito a wata guda, Nuwamban 2020, a kan farashi guda na dala 499, kuma kamfani guda ne, AMD, ya ƙera ƙwaƙwalwar da ke cikinsu. A kan talabijin mai inci 32 da aka sayo na hannu, wadda ba ta san wani hoto mai tsananin kaifi na 4K ba, ko wanda ya ƙera su ba zai nuna maka bambancin ba.

Bambancin da mai gidan gem yake ji a jikinsa yana wurin fetur. PS5 na jan wuta kusan wat 200 idan wasa ya yi nisa, ƙaramar Xbox, wato Series S, kuwa ba ta kai 100 ba. Ga wanda ke kan ƙaramin janareta ko batirin sola biyu, wannan ne ke yanke yawan talabijin da zai iya kunnawa a lokaci guda, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai yin wasa da lissafin nan. Sai ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano. Na ga mai shago ya ɗora PS4 a kan bulo biyu don iska ta ratsa ta ƙasa, ya kafa mata 'yar fankar caji a gefe, shi kansa yana fifita da kwali.

To sai ka ce ashe Series S ce ta talaka, tunda ta fi arha, dala 299 ta fito, ga ta ba ta cin wuta. A nan ne tarkon yake. Ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Duk wasan da za ka buga sai ka sauke shi ta intanet, kuma wasannin yanzu gigabait 40 ne, 50, wasu sun haura 100. Mutumin da sai ya hau tudun bayan makarantar firamare kafin saƙon murya ya tafi, da wace data zai sauke wannan? In ma ya shiga birni an sauke masa, wasan ya maƙale a asusun da aka saya da shi. Ba zai ba maƙwabcinsa aro ba, ba zai yi musaya da na bara ya cika kuɗi ya karɓi na bana ba, ranar da rani ya matse shi kuma ba shi da abin da zai kai kasuwa. Faifai kadara ne, ko da ya sha karce.

Kamfanonin sun san darajar wannan sarai. A 2013 Microsoft, kamfanin da ke yin Xbox, ya sanar cewa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, tare da gindaya sharuɗɗa kan sayar da wasan da aka yi amfani da shi. Masu saye suka yi caa, Sony mai PlayStation ya fitar da wani ɗan gajeren bidiyo na tsokana inda wani jami'insa ya miƙa wa wani faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aron wasa a PS4. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye. Masoyan PlayStation har yau suna tinƙaho da wannan labari. Sai dai su ƙarasa shi: Sonyn nan ne a Nuwamban 2024 ya fito da PS5 Pro a kan dala 699 ba tare da wurin faifai ba, mai so ya saya daban. Abin da aka ƙi karɓa da tsiya an dawo da shi da lallami, kuma a wannan hanya su biyun duk kanwar ja ce.

Wasan da ka biya ta intanet ba sayar maka aka yi ba, izinin amfani aka ba ka, kuma haka aka rubuta a doguwar yarjejeniyar da kowa ke latsa amincewa bai karanta ba. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe rumbun intanet da ke riƙe da wasan tseren motoci na The Crew, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, har da masu faifai, domin an gina shi ne yadda ba ya tashi sai da intanet. Wannan ya haifar da gangamin neman a hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, wanda ya tara sa hannun sama da mutum miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. A 2024 ɗin ne kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izini yake biya ba mallaka ba. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma su can sun fara tilasta a riƙa kiran aro da sunansa.

Mu namu ya fi nasu muni. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da za ka zaɓa idan kana buɗe asusun PlayStation, don haka kusan kowa a nan yana rajista ne a matsayin mazaunin Amurka ko Ingila, da adireshin da bai taɓa takawa ba, yana sayen katin cike asusu da dala. Ranar da aka rufe asusun, da wane baki za ka yi ƙorafi, alhali da adireshin ƙarya ka shiga? Ga kuma masu sayo na'ura ta hannu da wasanni cike a ciki, suna murna sun yi tsintuwa. Wasannin suna kan asusun wani baƙo ne a wata ƙasa. Duk ranar da ya sauya kalmar sirri ko ya cire na'urar daga asusunsa, sai ka wayi gari ka ga ɗan kwaɗo a kan kowane wasa.

Na san amsar da za a ba ni: mu ai buɗaɗɗiya muke saya, wato wadda aka fasa tsaronta, a loda mana wasanni a birni, babu ruwanmu da asusu. Haka ne, da yawan gidajen gem a kan wannan suke tsaye. Amma kada mu yaudari kanmu, cin haƙƙin masu wasan ne, kuma wanda ya bi ta nan ya zubar da nasa haƙƙin da hannunsa. Yaro ɗaya ya latsa sabuntawa bisa kuskure, an gama. Akwai kuma masu cewa faifai ma ƙura na cinye shi, biyan kuɗin wata-wata irin na Game Pass ɗin Xbox, da ke ba ka damar buga wasanni da yawa, ya fi sauƙi. Ga mai intanet mai ƙarfi a Nasarawa GRA, na yarda. Ga mai shago a Babura, ban yarda ba.

Inda muke da ƙarfin doka a hannu, can ne muka fi sakaci. Najeriya na da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma jihar Kano na da tata hukumar kare masu saye. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani ko suka saɓa da yadda aka siffanta masa su, kuma rubutun nan na jikin bango cewa kayan da aka fita da su ba a dawo da su, bai fi ƙarfin doka ba. Amma saurayi zai tara kuɗin riɗinsa na shekara, ya hau mota zuwa Kano, a kunna masa na'ura minti biyu, ya ƙirga kuɗi ya fito ba ko takarda. Bayan mako guda ta fara mutuwa da kanta, ya koma, a ce masa, "Ƙanena, wutarku ce ta ƙona ta." Da me zai musa? Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Maigida, a bar ta a kunne awa guda da wasa a kai, a sa mata faifai in ga ta karanta, a rubuta min lambar jikinta a rasit da kwanakin da aka ba ni." A gwada hannuwan buga wasan ma. Akwai ciwon da ke kama sandar hannu, ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, kuma a Amurka har kotu aka kai Sony da Nintendo a kansa. Can ma ba don kirki kamfanoni ke gyara ba: sai da ƙorafi ya yi yawa kan mutuwar Xbox 360 sannan Microsoft a 2007 ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, abin da ya ci masa sama da dala biliyan ɗaya.

In dole sai na zaɓa wa mai buɗe gidan gem a ƙauye yau, PS4 mai faifai zan ce, kuma ba don ƙaunar Sony ba. Masu gyaranta sun fi yawa a Kano, hannuwanta da kayan gyaranta na samuwa, kuma wasan ƙwallon da yaran ke biya dominsa, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023 bayan rabuwa da FIFA, ya ci gaba da fitowa a kanta. Xbox na da abin yabo da ba a cika faɗa ba: hannunta batiri yake ci irin na rediyo, in ya ƙare ka aiki yaro shagon gefe, kuma Series X na karanta da yawa daga tsofaffin faifan Xbox 360, abin da PS5 ba ta yi wa faifan PS3. Sai dai PS4 na'urar 2013 ce. Akwai shekarar da sabon wasan ƙwallo zai fito babu ita a ciki, yara kuma ba za su ci gaba da biya don buga 'yan wasan da suka yi ritaya ba. A lokacin mai shago zai tarar da sababbin na'urori kashi biyu a kanti, mai faifai da marar faifai, kuma mai faifan ce za ta fi tsada.