Allo na biyu ya yi dishi-dishi, kuma babu mai gaya maka dalili

Wallahi abin da masu ƙera kwamfuta da allunanta suke yi wa jama'a a kan haɗa allo biyu ya isa haka. Mutum ya sayi allo mai kyau don aiki ya yi masa sauƙi, ya jona, sai rubutu ya yi dishi-dishi, fuskokin mutane su baje, ko a bar masa baƙin fili dama da hagu, ko allon ya maƙale a 1024×768 ya ƙi gaba. Abin da ya fi ƙona rai, galibi kwamfutar ta san inda matsalar take. Ta san allon bai ba ta bayaninsa ba, ta san hanyar da aka bi ba za ta ɗauki hoton ba. Maimakon ta faɗa, sai ta rage hoto a ɓoye ta yi gum. Kai da ka biya kuɗi kai ne za ka kwana kana canza waya kana zargin kanka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A fara da abin da ba a rubuta shi ƙarara a jikin kwali. Kowane allo na zamani yana da ƙayyadadden adadin ɗigo da aka ƙera shi da su. Mai 1920×1080 ɗigo 2,073,600 gare shi, mai 3840×2160, wanda ake kira 4K, yana da 8,294,400. Duk wani adadin da ka tura masa ba nasa ba, dole ya miƙe hoton ko ya matse shi, nan take kaifin rubutu ya tafi. Saboda haka tambaya ɗaya ce kullum: me ya hana kowane allo samun nasa adadin?

Mafi sauƙin dalili, kuma wanda ya fi ba ni haushi don ɓata lokacin da yake jawowa, shi ne allunan suna kwafar juna. A Windows ka danna maɓallin tambarin Windows tare da P. In ka ga an tsaya a kan “Duplicate”, hoto ɗaya ake turawa allo biyu, dole a nemi adadin da dukkansu za su iya. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai 1366×768 sai ta ja babban allo mai 1920×1080 ƙasa tare da ita. Ka mayar da shi “Extend”, sannan ka shiga saitin allo, ka danna kowane allo shi kaɗai ka ba shi nasa adadin. Mutane da yawa suna canza adadi alhali allo na ɗaya suka zaɓa, na biyu ko taɓa shi ba su yi ba.

In adadin da kake nema babu shi ma a jerin, to maganar EDID ce. Wannan ɗan bayani ne, asalinsa bayit 128, da allo yake tura wa kwamfuta da zarar an jona shi: sunansa, girmansa, da adadin da yake iya nunawa. Yana bi ta wasu siraran layuka a cikin wayar, a VGA ta fil na 12 da na 15. In fil ɗaya ya lanƙwashe, ko wayar ta arha ce da ba a ma haɗa waɗannan layukan ba, ko an bi ta akwatin sauya kwamfuta da ke haɗiye bayanin, hoto zai fito amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba. Alamarsa, a Device Manager, shafin da Windows ke jera na'urorin kwamfuta, za ka ga an kira allon “Generic Non-PnP Monitor”. Ka cire duk abin da ke tsakani, ka jona allon kai tsaye da wata waya, ka zare shi daga wuta na rabin minti kafin ka mayar. Me zai hana a fito da saƙo a ce ba a karanta bayanin allo ba? Jimla ɗaya ce fa!

Yanzu ga inda ainihin wulaƙancin yake, wato HDMI. Kafar iri ɗaya ce a ido, kan wayar iri ɗaya, amma abin da suke ɗauka ya sha bamban. HDMI 1.4 na shekarar 2009 gigabit 10.2 yake ɗauka a daƙiƙa, kuma kusan 8 ne kawai ke zuwa ga hoto. HDMI 2.0 na 2013 yana ɗaukar 18, sai 2.1 na 2017 da ya kai 48. Ka yi lissafin da kanka: ɗigo 8,294,400 sau 60 a daƙiƙa, kowane ɗigo bit 24, kusan gigabit 12 ke nan. A 1.4 ba zai wuce ba. Sai kwamfuta ta sauko da shi hoto 30 a daƙiƙa, kibiyar linzami ta riƙa tafiya tana tsalle-tsalle, ko ta bar ka a 1920×1080. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa da aka ƙera shekaru bayan 2013 da kafar 1.4 suka fito, kuma a jikinsu haruffa huɗu kawai aka buga, babu lamba. Kamar hakan bai isa ba, a ƙarshen 2021 ta bayyana cewa an daina ba da lasisi da sunan 2.0, ana iya kiran na'urar da ba ta wuce gigabit 18 ba da suna HDMI 2.1. To don Allah ina amfanin lambar da ba ta gaya maka komai? Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya nemi adadin gigabit ɗin a takardar bayanin na'ura. A waya kuwa ya duba ajinta: “Premium High Speed” ita ce ta 18, “Ultra High Speed” ta 48. Tsawo ma yana cin hoto. Wayar da ta wuce mita biyar takan fara kasawa a 4K, ka ga fararen ɗigo suna walƙiya, ko allo ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo.

Ka riƙe wannan: kafar kwamfuta, adafta, waya, kafar allo, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Allo ɗaya ma yakan zo da kafar HDMI biyu da ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasu allunan kuma a cikin saitinsu na jiki an bar DisplayPort, wata kafar hoto irin HDMI, a kan 1.1, sai ka shiga da maɓallan gefe ka ɗaga shi zuwa 1.2 ko 1.4 da hannunka.

USB-C kuwa ya fi HDMI rainin hankali. Ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba, ba kuma kowace wayarta ke ɗaukar sa ba, akwai wadda caji kawai aka yi ta domin shi. Wadda ke fitar da hoton tana da layuka huɗu masu sauri. Akwatin nan da ake jonawa ya ba ka HDMI da USB da kafar intanet a lokaci ɗaya, yawancinsu layi biyu suke ware wa USB 3, su bar wa hoto biyu. In kwamfutarka DisplayPort 1.2 gare ta, layi huɗu gigabit 17.28 ne, biyu kuwa 8.64. Wannan zai ɗauki allo biyu masu 1920×1080 a 60, tunda kowanne bai kai gigabit 4 ba, amma 4K guda ɗaya ma sai dai a 30. Shi ya sa za ka ga allo yana lafiya lau shi kaɗai, kana jona na biyu sai dukkansu su faɗi. Babu abin da ya lalace, hanyar ce aka raba. A kwalin akwatin an rubuta 4K da manyan haruffa, “a 30” ɗin kuma can ƙasa da ƙananan da sai ka ƙura ido. Mafita ita ce ka raba kaya: allo ɗaya ta akwatin, ɗayan ta kafar HDMI ta jikin kwamfutar, ko ka nemi Thunderbolt 4, wani nau'in kafar USB-C mai ƙarfi, wanda ƙa'idarsa ta wajabta ɗaukar allon 4K biyu.

Masu Mac su ma ba su tsira ba. macOS ba ta raba siginar DisplayPort guda zuwa alluna daban-daban ta hanyar da ake kira MST, don haka akwatin da ke ba mai Windows allo biyu mabambanta, a Mac hoto ɗaya zai maimaita. MacBook Air mai M1 na 2020 kuwa allon waje ɗaya tak yake ɗauka, ko wace waya ka sayo. Sai dai a bi ta DisplayLink, mai matse hoto ya tura ta USB da taimakon manhaja.

Adafta kuma tana da alƙibla, ba a faɗa wa kowa. Wayar DisplayPort zuwa HDMI ba ta aiki in ka juya ta. HDMI zuwa VGA sai da ɗan injin sauyi a ciki, domin VGA da IBM ta fito da shi tun 1987 ba siginar lambobi yake amfani da ita ba. In rubutu yana rawa a VGA, danna maɓallin “Auto” na jikin allon. DVI, wani tsohon mahaɗin hoto, mai layi ɗaya iyakarsa 1920×1200 a 60, kada ka sa ran 2560×1440 daga gare shi. Ɗan akwatin da ke raba HDMI gida biyu kuwa kwafi kawai yake yi, har abada ba zai ba ka fili na biyu ba.

Akwai kuma kuskuren da tsarin da kansa ke tura mutane ciki. Rubutu ya yi ƙanƙanta a allon 4K, sai mutum ya rage adadin ɗigo don ya girma, ya lalata kaifin da ya saya. Abin taɓawa shi ne “Scale”. Allo mai inci 27 na 4K yana da ɗigo kusan 163 a kowane inci, mai inci 24 na 1920×1080 yana da 92. Ka ba na farko kashi 150 cikin ɗari, na biyu ka bar shi a 100, kowanne a cikakken adadinsa. Tun Windows 8.1 a 2013 aka fara ba kowane allo nasa ma'aunin, amma har yau akwai tsofaffin manhajoji da kana jan tagarsu zuwa ɗaya allon sai su dusashe. Ka fita daga asusunka ka sake shiga. In bai gyaru ba, ka danna dama a kan manhajar, ka shiga Properties, Compatibility, ka canza saitin DPI nata, wato ma'aunin girman rubutu, ita kaɗai. In kibiya tana maƙalewa a bakin allo, ka ja akwatunan da ke wakiltar allunan a cikin saiti har gefensu ya daidaita.

Wanda ya mayar da talabijin allo na biyu, shi kuma gefen hoto ake yanke masa, layin ƙasa na Windows ya ɓace. Talabijin ce ke faɗaɗa hoto, al'adar da aka gada daga zamanin tsofaffin akwatuna. A LG ka nemi “Just Scan”, a Samsung “Screen Fit”. Cikakken ƙarfin kafar HDMI ma sau da yawa a kashe yake zuwa sai ka kunna shi, in ba haka ba a rage bayanin launi, jan rubutu ya yi jirwaye. In baƙi ya koma toka-toka, katin hoto ne, wato ɓangaren kwamfuta mai zana hoto, yake tura launi daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255, a gyara shi a manhajar katin.

Direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, shi ake fara zargi, alhali sau da yawa ba shi da laifi. Duba sau ɗaya ya isa: in ka ga “Microsoft Basic Display Adapter” a Device Manager, ba a saka direban katin ba, ka sauko da na Intel, AMD ko NVIDIA gwargwadon abin da ke cikin na'urarka. In hoto ya rikice bayan kwamfuta ta farka daga barci, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, direban zai sake tashi. A kwamfutar tebur kuma ka leƙa baya, ka tabbata wayoyin biyu a katin hoto suke, ba ɗaya a can sama a kafar motherboard, babban faifan cikin kwamfutar, ba, domin wannan kafar sau da yawa a mace take idan an saka kati.

Shafin da ya kamata a ce shi ne a gaba, an binne shi a ƙarƙashin “Advanced display”. A nan ne za ka ga lambobi biyu, adadin da Windows ke zana hoto da shi da kuma adadin siginar da take tura wa allon, tare da yawan hoto a daƙiƙa. In lambobin biyu sun saɓa, ana miƙe hoton a hanya. In ka ga 30 a inda kake sa ran 60, ka bar saiti haka, ka koma kan kayan: ka canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, waya da farko, sannan kafa, sannan ka cire akwatin ka jona allon kai tsaye.