Bayan kabbara, wa ke waiwayar tubabba?

Duk mai riƙe da waya ya ga irin bidiyon nan, musamman a goman ƙarshe na azumi, lokacin rufe tafsiri. A fito da yarinya gaban jama'a, an zura mata sabon hijabi wanda ko karin ninkinsa bai baje ba, a miƙa mata makirfo, malam na faɗa tana maimaitawa, muryarta na rawa. Tana kai ƙarshen kalmar shahada masallaci ya ɗauki kabbara. A tambaye ta sunan da take so, kafin ta buɗe baki wani daga sahun gaba ya riga ya ce A'isha. Wani Alhaji ya yi alƙawarin dubu ɗari, wani turmin atamfa biyar, wani kuma cikin raha ya ce in ba ta da miji ga shi. A kwashe da dariya. Kafin sahur bidiyon ya gama zaga Facebook da TikTok da WhatsApp, an rubuta a ƙasansa: kada ka wuce ba ka ce Allahu Akbar ba.

Ni ma ina cewa Allahu Akbar. Abin da ya ishe ni shi ne har yau ban ci karo da kashi na biyu na bidiyon ba. Babu mai ɗauko mana ita bayan wata shida mu ga inda take kwana, ko ta iya Fatiha, ko dubu ɗarin nan ta iso hannunta. Mun mayar da musuluntar mace kamar ƙwallon da aka zura a ragar abokan hamayya, a yi ihu, a ƙirga, a jira ta gaba. Ganin Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

A tsaya a lissafa abin da yarinyar ta ajiye a bakin ƙofar masallacin. Sau da yawa ta rasa gidan ubanta, kuma bidiyon da muke yaɗawa shi ne ya kai musu labarin kafin ita ta samu bakin faɗa musu. Wanda ke biya mata kuɗin makaranta ya janye. A hukuncin fiƙihu ba ta gadon mahaifinta, domin hadisin Usama ɗan Zaidu da ke Bukhari da Muslim ya ce musulmi ba ya gadon wanda ba musulmi ba. Uban nata ba zai yi mata waliyyi ba, sai alƙali ko liman ya tsaya mata. Namijin da ya musulunta yakan iya kwana a shago ko a zauren masallaci ya fita neman na kansa da safe. Mace fa?

Sai mu zaro maganin da muka fi iyawa: a yi mata aure. Nan ne raina ya fi ɓaci, domin duk wanda ya san auren Bahaushe ya san cewa garkuwar mace danginta ne. Su ne ke yi mata kayan ɗaki, su kai gara, su zo suna da gayya, ta je wankan gida a haihuwar fari. In miji ya matsa mata ta yi yaji, shi kuma ya sunkuyar da kai ya je biko gaban surukai. Wadda ta musulunta jiya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. An kai ta ɗaki da tabarma da akwati guda, tsakanin uwargida da dangin miji, ba ta san hukuncin haila ba balle haƙƙinta na ci da sha da rabon kwana, kuma mijin ya san ba ta da inda za ta yi yaji. Ran da ya rubuta mata takarda, gaba kura baya sayaki. Wasu a nan suke komawa inda suka fito, mu kuma mu tafa hannu mu ce daman ba don Allah ta shigo ba.

Ko wadda aurenta ya zauna ba ta tsira ba. A unguwar da na tashi akwai wata baiwar Allah da ta musulunta tun ba a haife ni ba. Ita ke fara isa islamiyyar matan aure da daddare, 'ya'yanta biyu sun sauke Alƙur'ani. Ranar wani biki, a kan rabon nama, wata facalarta ta dube ta a tsakar gida cike da mata ta ce, "Ke har yaushe aka yi daren? Tubabba kawai." Matar nan ba ta ce uffan ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta shiga ɗaki ta ja labule. Bayan wasu shekaru aka zo neman 'yarta, magana ta yi nisa, sai dangin yaron suka tura bincike, aka dawo musu da cewa ai uwarta tubabba ce. Shiru kake ji. Shekara talatin tana kallon alƙibla, amma a bakinmu har yanzu jiya ta tuba.

Wannan gorin asali ba sabo ba ne, kuma an riga an yanke masa hukunci. Tirmizi ya ruwaito cewa Nana Safiyya ta ji Nana Hafsa ta kira ta 'yar Bayahude, ta fashe da kuka. Manzon Allah (SAW) ya ce mata ita 'yar Annabi ce, baffanta Annabi ne, kuma tana auren Annabi, to da me za a yi mata alfahari? Sannan ya juya ya ce wa Hafsa ta ji tsoron Allah. In za mu bi ma'aunin matan tsakar gidanmu, ai Nana Khadija da Sumayya, shahidar farko a Musulunci, duk tubabbu ne, tunda babu wadda aka yi wa huɗuba a kunne ranar haihuwa.

Abin kunyar ma shi ne gorin namu yana duba launin fata. Hajiya A'isha Lemu Baturiyar Ingila ce, ta musulunta a 1961, ta zo Najeriya ta yi koyarwa, ta rubuta littattafan addini da 'yan sakandare suka daɗe suna karantawa, ita ce kuma Amira ta farko ta FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna a 1985. Da ta rasu a Janairun 2019 kowa da alfahari ya ambace ta, kuma ta cancanta. Ban taɓa jin wanda ya kira ta tubabba ba. Amma Bamagujiya daga ƙauyen Kano ko Katsina, wadda Hausarta ta fi tamu tsarki, ko yarinya daga Kudancin Kaduna ko Filato, ita ce "ƙabila", ita ce ake leƙen tukunyarta. Tun rangadin musuluntarwa na Sardauna a 1963 zuwa 1965 muke ƙirga kawuna, har yau ba mu koyi zama da mutanen da muka ƙirga ba.

Masu cewa duk macen da ta musulunta sace ta aka yi ko asiri aka yi mata, ba su cancanci dogon bayani ba: sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin canza addini, kuma mace baliga tana da hankalin kanta. Sai dai mu ne muke ba su makami. Har yanzu ana yi mana gori da shari'ar yarinyar nan ta Bayelsa da aka kawo Kano a 2015 aka musuluntar da ita tana ƙarama, wadda Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagoa ta yanke wa wanda ya ɗauko ta ɗaurin shekara 26 a 2020. Alhali Alƙur'ani ya riga ya ce a yi tambaya kafin a yi kabbara. Bayan sulhun Hudaibiyya, da Ummu Kulsum 'yar Uƙba ta yi hijira zuwa Madina 'yan'uwanta suka biyo ta, aya ta 10 ta Suratul Mumtahana ta sauka tana cewa a jarraba matan da suka zo, in an tabbatar da imaninsu kada a mayar da su. Malaman tafsiri sun kawo cewa rantsar da mace ake yi cewa ba ƙin miji ko kwaɗayin duniya ya fito da ita ba. Yau wa ke tambayar shekarun yarinya, ko wa ya kawo ta, ko saurayi ne ya ce sai ta yi kafin ya aure ta? Mai kyamara na jira, malam na sauri.

Masu cewa kuma wannan magana tonon asiri ne a gaban waɗanda ba musulmi ba, gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da mace sabuwar shiga take bukata a shekarar farko malama ce, ba miji ba. Akwai tambayoyin da ba za ta iya yi wa namiji ba, kuma matan Madina da kansu sun roƙi Annabi ya ware musu rana tasu ya ware. Mu a nan ma ba baƙon abu ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya caccaki malaman da ke tara ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci kamar kayan aikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a waƙe da Hausa da Fulatanci su koma su koyar da matan karkara, waɗanda da yawansu ba su daɗe da barin bori ba. Ba a tara jama'a a kalle su ba, bin su aka yi har tsakar gida. Na san akwai kwamitocin da'awa da malaman islamiyya mata da ke wannan aiki a yau da aljihunsu, ba mai sanin su, domin babu abin ɗauka a bidiyo a koyar da wankan tsarki.

Kuɗin aikin ma an riga an ware. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas masu cin zakka, na huɗunsu waɗanda ake lallashin zukatansu. Hukumomin zakka na Kano da Zamfara da sauran jihohi su fito su faɗa mana nawa suke kashewa a kan wannan kaso, mata nawa suka kama wa ɗaki, nawa suka mayar makaranta. A bar wa yarinya sunanta in ba shi da mummunar ma'ana, a kuma daina raba ta da uwarta, tunda Annabi ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da tata uwar tana mushirika. Masallacin da ba shi da malama da ɗakin da zai ajiye ta, ya karɓi shahadarta a ofishin liman gaban shaidu biyu, mai kyamara ya tsaya a waje.