Wai karatun abin da ido ba ya gani

Tun daren jiya nake danne zuciyata amma wallahi abin ya ƙi dannuwa, don haka ku yi haƙuri yau sai na amayar da shi. Waɗanda suka je walimar sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuma na san labari ya iske ku tun kafin a naɗe tabarmi, garin nan ai ba a ɓoye komai. Yaro ya yi shekara uku yana zarya tsakanin nan da Kano har da zaman yajin aiki, wani lokacin kuɗin mota sai uwarsa ta saki akuya, ya gama digiri na biyu a kan ƙananan na'urorin gwaji masu amfani da nano, wato abubuwa ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, an taru a yi masa walima da addu'a, sai babban mutum da babbar rigarsa ya karɓi lasifika ya ce wai "to ɗana, mun ji ka karanto abin da ido ba ya gani, mu nan ƙauye me za mu yi da shi? Da likita ka karanta ai da mun san mun haifa." Aka kwashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushin yaƙe, uwarsa kuwa daga cikin gida tana jin komai.

Abin da ya fi ƙona min rai, minti kaɗan kafin nan an miƙa wa mai babbar rigar nan lemo ya ce a'a, da safe ya auna sugansa ya tarar ya hau. Da bakinsa ya faɗa a gaban kowa, ba ni na tona ba. To ranka ya daɗe da me ka auna? Da ido? Ko lasar yatsa ka yi?

Ƴar na'urar nan da ke aljihunka da ɗan sitirif ɗin da kake ɗiga wa jini, su ne fannin yaron da ka yi wa dariya. Bayosensa sunan abin. A bakin sitirif ɗin akwai wani sinadari da ake ce wa enzayim, wanda aka fi sani ma daga wata irin fumfuna ake samo shi, ba shi da aiki sai kama suga, in ya kama sai ƴar wutar lantarki ƙanƙanuwa ta gudana, na'urar ta auna ta ta juya ta zuwa lambar da ta hana ka shan lemo. Suga ya yi yawa, wutar ta yi yawa, shikenan. Wani Ba'amurke Leland Clark ne ya kawo dabarar shi da abokin aikinsa a 1962, ba a fara sayar da injin ba sai 1975 kuma shi ma na ɗakin gwaji ne, sai 1987 aka fito da ta aljihu mai kama da biro. Shekara 25 kenan. Allah Ya taimaki Clark ba ka je walimarsa ba.

Kuma da ka tambayi yaron cikin mutunci da ya yi maka bayanin nano ɗin da harshen da za ka gane, don ni ma haka ya yi min a gindin darbejiya muna cin gyaɗa. Ya ce ka ɗauki mita ɗaya ka raba gida biliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita, silin gashi ɗaya ma kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Na ce to meye amfanin ƙanƙantar? Ya ce Yaya, in Inna za ta jiƙa kanwa tana sauri, dunƙule take jefawa ko dakawa take? Na ce dakawa. Ya ce to kanwar ba ta ƙaru ba, fuskar da ruwa zai taɓa ce ta ƙaru. Haka in aka shafa ƙwayoyin nano a kan bakin sensa, wato na'urar gwaji irin ta sugan nan, wurin da guba ko suga zai maƙale ya ninka ninkin ba ninki, wutar ma ta fi gudana, sai na'urar ta ji ɗan abin da a da zai wuce ta ba ta sani ba. Akwai wani abu na nano siriri ƙwarai da ake ce wa garafin, shi gram ɗaya a lissafi fuskarsa ta kai murabba'in mita 2,630, wato ya ɗara kwatan hekta. Gram ɗaya fa. Kuma ka san yadda aka fara ciro shi a 2004 a jami'ar Manchester? Da salatif, ana manna shi a irin baƙin da ke cikin fensir ana ɓarewa. A 2010 aka ba mutum biyun kyautar Nobel. Da a nan suke da tuni an ce a kai su a yi musu ruƙiyya.

Wai me za mu yi da shi a ƙauye. Jan layin da ke fitowa a gwajin maleriya a asibitin sha-ka-tafi, wanda ake yi wa jikokinka duk damina, a yawancinsu ƙwayoyin zinare ne da aka ƙanƙantar har suka koma ja. Na san wani mai ilimi zai zo ya ce ai wannan da launi yake aiki ba lantarki ba, eh malam na sani, zauna, nano ne dai.

Yanzu bari in ajiye ba'a. Ku tuna Zamfara a 2010, Bagega da Dareta da Yargalma, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma saboda dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Iyayen nan suna ta binne ƴaƴa ba su san me ke kashe su ba, don dalma ba ta da wari kuma ba a ganinta a ƙasar tsakar gida. Da masu agaji suka zo, ƙaramar na'ura ta hannu mai irin wannan aiki na lantarki suka riƙa auna jinin yaran da ita a cikin ƙauyukan, wasu ma gubar ta wuce iyakar abin da na'urar ke iya nunawa. Ƙauye ne fa, ba Abuja ba. Mai birni yana da lab, wato ɗakin gwaji, a bayan layinsu, mu ne sai mun hau mota mun kwana biyu muna jiran sakamako. To wa ya fi mu buƙatar lab ɗin da zai shiga aljihu? Yaron nan aikinsa kenan, gano dalma a ruwan rijiya, rijiyar da kai da ni muke sha.

Mu da muke noma ma fa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a ciki, irin fiya-fiyar da muke antaya wa buhu da ka, ba tare da awo ba, su sun auna sun ce ba sa ci, mu kuma muka ci abinmu da mai da yaji. Gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba fumfuna tana barin wata guba a ciki mai jawo kansar hanta, kuma gyaɗar tana iya yin kyau a ido. Duk ana yin sensa don irin waɗannan. Ka ɗauka a ce dillali a Dawanau yana da ita a aljihu kamar yadda kake da ta suga.

Na san me za a ce. Ai ba a Najeriya za a ƙera ba, ai a kabad kundin binciken zai ƙare, ai babu wuta. Na ji, sai me? Wayar da kake karanta wannan da ita a Wudil aka ƙera? Gaskiya ɗaya da zan yarda da ita shi yaron ne ma ya faɗa min, cewa da yawan sensa suna aiki lafiya a ruwan lab mai tsabta amma in an kawo su cikin jini na gaske ko ruwan kududdufi sai su rikice, kuma enzayim ba ya son zafi, shi ya sa a kwalin sitirif aka rubuta kar a bar shi a rana, wanda na tabbata naka a gaban mota yake kwana. To wa zai gyara wannan in ba wanda ya san zafin watan Afrilu a garin nan ba? Bature da ke cikin dusar ƙanƙara?

Ba na ce kowa sai ya gane karatun ba, ni kaina rabin abin da ya faɗa ya wuce ni. Amma in ba ka gane ba ka yi addu'a ka ci shinkafarka ka tafi mana, lasifika ba dole ba ce.

Af, tunda ana maganar walimar, wanda ya cire wayata daga caji a zauren ya tafi da cajar, fara ce an naɗe wuyanta da baƙin salatif, na ga wanda ke zaune kusa da soket ɗin kuma ba na son kiran suna. Ka ajiye min ita a wurin mai shayi kafin la'asar, wannan da aron caja na rubuta shi.