Fantun ɗin Yeji ya tuna min da gungunmu na Yawuri

Ni ɗan Yawuri ne amma Kumasi nake zaune, a Aboabo, kuma harkar doya da busasshen kifi ce take kai ni Yeji, a bakin tafkin Volta. Mota ta bi Mampong, Ejura, Atebubu, sai ka ga ruwa ya tare gabanka kamar teku. Nan ake jiran fantun, wato jirgin fito na gwamnati, ya tsallakar da kai Makango ka kama hanyar Salaga.

Ranar da na fara shigarsa wallahi baki na saki. Manyan motoci shaƙe da doya suna hawa da ƙafarsu, ga babura, ga awaki, ga wata Hajiya ta kafa kulan wake da shinkafa tana ciniki abinta, ta ce min "ɗana matsa daga bakin ƙarfen nan", ni kuwa hankalina ya riga ya tafi gida.

Don labarinmu ɗaya ne da mutanen bakin tafkin nan. An gama dam ɗin Akosombo a 1965 zamanin Nkrumah, ruwa ya taso ya cinye garuruwa, aka tashi mutum wajen 80,000, har tsohon garin Kete Krachi inda Hausawa fataken goro suka yi zango ya nutse. Mu kuma aka gama Kainji a 1968, aka kwashe Gungawa daga tsibiransu aka yi musu sababbin gidaje a tudu. Duk don lantarki. Bambancin shi ne a 1970 Gana ta kafa kamfanin sufurin tafkin Volta, aka sa jiragen fito a mashigai irin su Yeji, Dambai, Kete Krachi da Adawso mai kai mutane Afram Plains. Mu fa? An bar mu da kwale-kwalen katako da injin a gindi, mai jirgi shi ne direba shi ne mai lissafin lodi, in ka ce ya yi yawa ya ce Alhaji sauka ka jira na gobe.

Abin da ya faru a Warrah cikin Ngaski a watan Mayun 2021 har yau bai bar raina ba, jirgi ɗaya ya nutse da mutum sama da 100.

Kar wani ya ce ina zuga Gana ne don ina cin tuwonta. Fantun manyan mashigai kawai yake bi, mutumin da ke can cikin tsibiri har gobe kwale-kwale yake hawa, kuma kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa suna fasa jirage, sak irin namu. Amma dai sun yarda cewa wanda ya nutsar da hanya shi zai biya da jirgi, ni a ganina bashi ne ba alfarma ba. Wutar da ake kunnawa a Legas da Kaduna ai gonar wani ce a ƙarƙashin ruwan, to me zai hana a ba shi jirgin ƙarfe ko guda biyu da rigunan kariya?

Jiya ƙanena ya kira zai kai iyali biki tsallake, na ce ya bari sai safiya iska ta kwanta, ya yi dariya ya ce Yaya ai kai ka zama ɗan Gana.